Kafin ka sayi lojisiyel, tambayi ko yana jin yaren duwan

Duk ɗan kasuwar Maraɗi ko Damagaram da ke shigo da kaya ta tashar jiragen ruwa ta Lome ya san wahalar takardu. Kuskuren lamba ɗaya a faktir kan tsayar da tirela kwana da kwanaki, kuɗin jira kuwa kullum ƙaruwa suke.

Shi ya sa masu tallar lojisiyel ke bin manyan shaguna da alkawarin cewa kwamfutarka za ta riƙa musayar oda da faktir kai-tsaye da ta kamfanin da kake sari a wurinsa, ba sai an sake bugawa da hannu ba. Dabarar ba sabuwa ba ce: tun 1987 aka amince da EDIFACT, tsarin Majalisar Ɗinkin Duniya na irin wannan musaya. Duwan Nijar kuma da SYDONIA take aiki, wanda CNUCED ta ƙirƙiro.

Alhaji, kada zaƙin bakin mai talla ya ruɗe ka. Miƙa masa faktir ɗinka na gaske ya gwada a gabanka, sannan ka kira tiranziterka, tunda shi ke shigar da deklarasiyo, ya faɗa ko bayanan za su yi masa amfani. Idan wuta ta ɗauke ko rezo ya yanke fa, aikin ɓacewa zai yi? Biya wata-wata ne ko a kan kowane saƙo? Mai gyaran yana Yamai ko Faransa?

Hajiyar da ke sarin atamfa bandir goma a wata kuwa, littafin lissafi da waya sun ishe ta.