Hanyoyin Adana Fatar Shanu a Gida Kafin Jima

1.0 Gabatarwa

Hausawa kan kira fatar saniya da ba a jeme ba ƙirgi, wanda ke jeme ta kuwa majemi, wurin aikinsa majema. Manufar wannan maƙala ita ce bayyana yadda ake adana ƙirgi a gida, musamman bayan layya, domin ingancin jima ya ta'allaƙa ne ga abin da aka yi wa fatar tun ranar fiɗa.

2.0 Dalilin Ruɓewa

Kusan kashi 2 cikin 3 na nauyin ɗanyar fata ruwa ne. Wannan danshi, haɗe da jini da zafin rana, shi ke ba ƙwayoyin cuta damar cin ta cikin 'yan sa'o'i. Alamar farko ita ce gashi ya riƙa tugewa in an ja shi. Saboda haka, da zarar an feɗe, sai a wanke jini da kashi, a kankare sauran nama da kitse ba tare da wuƙa ta huda fatar ba.

3.0 Hanyoyin Adanawa

Hanya ta farko ita ce shanya. Akan huda gefen fatar, a ɗaure da igiya a jikin katako, a miƙe ta a inuwa inda iska ke ratsa ta gaba da baya. Kafe ta a ƙasa da turaku cikin rana, ko da yake ya yaɗu, yana da illa: sama ya bushe ya ƙandare, ciki kuwa ya ruɓe, ba kuma za a gane ba sai majemi ya jiƙa ta.

Ta biyu ita ce gishiri, wadda ta fi dacewa da damina. Akan shimfiɗa fatar, ɓangaren nama yana sama, a barbaɗa gishiri kimanin kashi 1 cikin 3 na nauyinta, a bar ruwan ya tsane.

4.0 Kammalawa

Busasshen ƙirgi akan naɗe shi sau ɗaya bisa layin gadon baya, a ɗora a kan dakali ko katako nesa da laima, ana duba shi saboda ƙwari da ɓeraye. Bagaruwa tana jeme fata mai lafiya ne. Ba ta gyara wadda ta riga ta ruɓe.