Titin A82 na Sikotilan: Tafiyar da Ba a Jira Mata Rana

Duk mai shirin bin titin A82, wanda ya tashi daga Glasgow ya ƙare a Inverness, tafiyar kusan kilomita 270 a ƙasar Sikotilan, shawarar da zai fara ji ita ce ya jira ranar da gari ya washe. Shawara ce mai daɗin ji, sai dai a wannan yanki sama ba ta cika alkawari. Cikin sa'a guda sai a yi yayyafi, rana ta leƙo, hazo ya lulluɓe dutse, iska ta zo ta yaye shi. Dalilin ba ɓoyayye ba ne: iska mai laima tana tasowa daga Tekun Atlantika, ta ci karo da duwatsun yamma, ta hau sama ta yi sanyi, sai ta sauke ruwanta. Shi ya sa garin Fort William, da ke gindin Ben Nevis, dutse mafi tsawo a Birtaniya (mita 1,345), yake samun ruwan sama fiye da ninki biyu na Inverness, alhali titi ɗaya ne ya haɗa su.

A ganina, wannan sauyin yanayi shi ne rabin abin da ake zuwa kallo. Kwazazzabon Glen Coe a ranar da babu ruwa duwatsu ne tsirara, masu kwarjini amma shiru. Bari ruwa ya sauka na ɗan lokaci, nan da nan ƙoramu farare za su ɓalle daga kowace tsaga suna zubowa ƙasa. Tafkunan ma haka. Loch Lomond, wanda ya fi kowane tafki a tsibirin Birtaniya faɗi, yana sauya launi duk lokacin da gajimare ya gitta. Loch Ness kuwa, mai zurfin kusan mita 230, ruwansa baƙi ne saboda ruɓaɓɓen ciyayi da ƙoramu ke kwasowa daga tuddai. Har ma wanda ya dace da rana mai lumshi ba iska a lokacin zafi ba lallai ya ji daɗi ba, domin a irin wannan rana ce ƙananan ƙwari masu cizo ke fitowa tuli, iska ce kawai ke korarsu.

Mai ƙorafi zai ce ai ruwa da hazo haɗari ne ga direba, kuma yana da gaskiya. Arewa da ƙauyen Tarbet titin ya matse tsakanin dutse da bakin Loch Lomond, kwana bayan kwana, ga manyan motoci, ga baƙon da bai saba tuƙi ta hannun hagu ba. A lokacin sanyi kuma akan rufe hanyar da ta ratsa filin Rannoch idan dusar ƙanƙara ta yi yawa. Amma idan aka duba, abin da ke jefa mutum cikin haɗari a nan gaggawa ce. Wanda ya ɗaure wa kansa isa Inverness a yini ɗaya dole ya kutsa cikin hazo. Wanda ya raba tafiyar kwana biyu zai faka a gefe ya sha shayi har gari ya buɗe. Watan tafiya ma yana da tasiri: a Yuni hasken rana a Inverness yana kai kusan sa'o'i 18, a Disamba kuwa bai cika 7 ba.