Na'urar Cire Gajiya da Damuwa: Ka Gwada Kafin Ka Biya

Ranar kasuwa a Yendi, ko a tashar motar Tamale, ka kan ga masu tallar na'ura. Wani yana da roba mai waya: ka sa ƙafafunka cikin ruwan gishiri, ruwan ya koma ja, ya ce dattin jikinka ne ya fito. Wani kuma yana sayar da awarwaro mai maganaɗisu, wai yana kawo barci, yana kwantar da zuciya.

Me ya sa ruwan ya canja launi? Akwai ƙarfe a cikin robar. Idan lantarki ya ratsa ruwan gishiri, ƙarfen ya kan yi tsatsa. Ka ce mai na'urar ya kunna ta ba tare da ƙafar kowa a ciki ba. Ruwan zai yi ja duk da haka. Ƙoda da hanta ne suke tace jini, ba tafin ƙafa ba. Shi kuwa awarwaro, ba ya jan jini, ba ya saukar da hawan jini.

Wataƙila ka ce, "Ai na ji sauƙi." Gaskiya ne. Wanda ya zauna rabin awa, ƙafa cikin ruwan ɗumi, zai ji daɗi. Wannan kuwa kana iya yi a gida, ba ko sidi ɗaya.

Kafin ka biya, ka yi tambaya uku:

1. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, FDA, ta yi wa na'urar rajista? Dokar lafiya ta 2012 ta ce dole a yi. Ya nuna maka lambar.
2. Cuta nawa ya ce tana warkarwa? In ya ce duka, ka riƙe kuɗinka.
3. Ya ce ka daina maganin asibiti? To, ka tashi.

Ga inda haɗarin yake. Ciwon kai, faɗuwar gaba, gajiya da rashin barci suna iya zama alamar hawan jini, ƙarancin jini, ko ciwon damuwa. Hawan jini ya kan ɓoye har ya shanye wa mutum rabin jiki. Awo ne kawai yake nuna shi. In awonka yana kai 140/90 ko fiye, ka ga likita.

In damuwa ta hana ka barci ko aiki har mako biyu, kada ka yi shiru. Ka gaya wa wanda ka yarda da shi, ka zo asibiti da katin inshorarka, a auna ka.