Alƙawarin da Ɗanki Ke Ɗauka a Filin Asambili: Ya San Abin da Yake Faɗa?

Uwargida, in kina da ɗa a firamare ko sakandare a Najeriya, akwai wani alƙawari da yake ɗauka da safe kafin ya shiga aji. Bayan an jeru a filin asambili, an duba farce da yunifom, an rera taken ƙasa, sai a ce kowa ya tsaya cik a karanto alƙawarin biyayya ga ƙasa da Turanci. Daga aji ɗaya na firamare zuwa gama sakandare shekara 12 ke nan. A makarantar da ake asambili kullum, ko da kwana 180 kacal yaro yake zuwa a shekara, zai maimaita wannan alƙawari fiye da sau 2,000.

Yau in ya dawo, ki ce ya karanto miki. Zai kawo shi tiryan-tiryan, har da karin muryar da ake yi a makaranta. Sai ki ce ya faɗa miki ma'anarsa da Hausa. A nan ne yara da dama suke yin turus, har da waɗanda suka kusa zana jarrabawar fita.

Abin da yaron yake cewa a taƙaice shi ne zai riƙe amanar Najeriya, zai yi mata biyayya, zai zama mai gaskiya, zai yi mata aiki iya ƙarfinsa, zai kare haɗin kanta da mutuncinta, sannan ya rufe da roƙon Allah ya taimake shi. Magana ce mai nauyi. Mu da muke cewa alƙawari kaya ne, ya kamata mu tambayi kanmu ko daidai ne a ɗora wa ɗan shekara 6 wannan kaya, kuma wa zai amfana da ɗaukarsa.

Daga ina ya fito?

Mace ce ta rubuta shi, kuma uwa irinki. Sunanta Felicia Adebola Adedoyin, malamar jami'a a Legas, 'yar asalin Saki a jihar Oyo ta yanzu. An ruwaito cewa 'ya'yanta ne, waɗanda suka saba da irin wannan alƙawari a makarantun Amurka da Ghana, suka tambaye ta me ya sa Najeriya ba ta da nata. Ta zauna ta rubuta, jaridar Daily Times ta buga a watan Yulin 1976, gwamnatin soja ta Janar Olusegun Obasanjo ta karɓa ta ce a riƙa karantawa a makarantu.

Ki lura da lokacin. Shekara 6 ke nan da gama yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970, ciwon bai warke ba. A 1973 aka ƙirƙiro shirin yi wa ƙasa hidima don matashin Kano ya zauna a Kalaba, na Inugu ya zauna a Sakkwato. A 1976 ɗin kuma aka fara shirin ilimin firamare kyauta ga kowa, wanda ya kwaso yara masu ɗimbin yawa zuwa aji. Masu mulki suna neman abin da zai sa yaran da ba su haɗa harshe ko addini ba su ji cewa uwa ɗaya ta haife su. Wannan niyya ce mai kyau, kuma duk wanda ya san abin da yaƙin ya ci ba zai raina ta ba.

Abin da ya faru a ƙasar da aka kwaikwayo

Tun da daga Amurka al'adar ta fi shahara, labarinta yana da amfani gare mu, don sun riga mu shan rigimar.

Nasu alƙawarin wani limamin coci ne, Francis Bellamy, ya rubuta shi a 1892, aka buga a wata mujallar yara mai suna The Youth's Companion, lokacin bikin cika shekara 400 da isar Columbus nahiyar. Mujallar kuwa tana cikin kamfen ɗin sayar wa makarantu tuta, wato kishin ƙasa da ciniki sun haɗu tun ranar farko. A wancan zamani baƙi suna ta kwarara Amurka daga Turai, kuma su ma ba su daɗe da fita daga nasu yaƙin basasar ba.

Da farko yara kan miƙa hannun dama zuwa ga tuta yayin karantawa. Da 'yan Nazi suka yi ƙarfi a Jamus da gaisuwarsu ta miƙe hannu, sai Amurkawa suka ga hotunan 'ya'yansu sun yi kama da na yaran Hitler. A Disambar 1942 majalisarsu ta sauya, aka koma ɗora hannu a ƙirji. A 1954 kuma, ana tsakiyar yaƙin cacar baka da Tarayyar Sobiyet, aka saka ambaton Allah a ciki don a bambanta kai da 'yan gurguzu. Kin ga ke nan kalmomin da ake ba yara su haddace kamar ba sa taɓuwa, 'yan siyasa ne ke ƙara su, su rage su, daidai da bukatar zamaninsu. Mu ma mun gani da idonmu a watan Mayun 2024, lokacin da majalisa ta dawo da tsohon taken ƙasa na 1960 cikin 'yan kwanaki, aka ajiye wanda ake rerawa tun 1978, yara suka koma sabuwar hadda.

Amma babban darasin yana cikin labarin wasu yara biyu. A 1935, a garin Minersville na jihar Pennsylvania, aka kori Lillian Gobitas mai shekara 12 da ƙanenta William mai shekara 10 daga makaranta saboda sun ƙi sara wa tuta. Iyayensu mabiya ɗarikar Shaidun Jehobah ne, waɗanda suke ganin sara wa tuta wani nau'in bauta ne. Magana ta kai Kotun Ƙoli, kuma a 1940 alƙalai 8 cikin 9 suka ce makaranta tana da ikon tilastawa. Abin da ya biyo baya ya munana. Aka riƙa far wa 'yan ɗarikar a garuruwa, ana dukansu, ana ƙona wuraren ibadarsu, ana korar 'ya'yansu daga makarantu, duk da sunan son ƙasa.

Bayan shekara 3, a ranar 14 ga Yunin 1943, ana tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, kotun ta warware hukuncinta a wata shari'a daga jihar West Virginia, da rinjayen alƙalai 6 a kan 3. Mai shari'a Robert Jackson ya bayyana cewa babu wani jami'in gwamnati, babba ko ƙarami, da yake da hurumin tsara wa mutane abin da za su gaskata a siyasa ko addini ko kishin ƙasa, balle ya tilasta su furta shi. Har yau ana karanta alƙawarin a yawancin makarantun gwamnatin Amurka, amma doka ba ta yarda a hukunta yaron da ya yi shiru ba. Kotun Ƙolin Indiya ma ta yanke irin wannan hukunci a 1986, kan wasu yara uku a jihar Kerala da aka kora don ba sa rera taken ƙasa, alhali suna miƙewa tsaye cikin ladabi in ana rerawa.

Akwai kuma ƙasashen da ba su da wannan al'ada sam. Yaran Ingila ba sa ɗaukar wa ƙasa alƙawari da safe. Jamusawa kuwa, bayan abin da suka gani a zamanin Hitler na jera yara ana sa su rantsuwa da shugaba, har yau suna ɗari-ɗari da duk abin da ya yi kama da haka.

Kishi iri biyu ne

Da Hausa kalma ɗaya muke amfani da ita, kishin ƙasa, amma abu biyu take ɗauke da su. Akwai kishin da yake kama da son da kike yi wa gidanku. Kin san inda rufin yake yoyo, kin san halin kowa, kina faɗa in an yi ba daidai ba, kuma ba ki bukatar zagin gidan maƙwabta kafin ki so naku. Akwai kuma makahon kishi, wanda yake koya wa mutum cewa nasa sun fi kowa, duk wanda ya yi tambaya maci amana ne, duk wanda ya bambanta abokin gaba ne. Mutanen da suka doki Shaidun Jehobah a 1940 da irin wannan na biyun suka yi aiki, kuma da yawansu sun taso suna karanta alƙawarin nan kullum.

Masu adawa da sa yara alƙawari wannan suke tsoro. Suna cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma yaron da aka saba masa da furta biyayya ba tare da ya fahimta ba, gobe zai miƙa ta ga duk wanda ya riƙe lasifika. Suna da hujja. Sai dai a ganina, a ƙasarmu matsalar ta fi karkata wani ɓangaren. Yawancin rigingimun da suka ci rayuka a nan, na ƙabila ne da addini da yanki. Ba yawan son Najeriya ne ya yi mana illa ba. Minti ɗayan da Bahaushe da Bayarabe da Tibi da Ibo suke tsayawa a layi guda suna faɗin magana guda yana da daraja, kuma ba ƙaramin abu ba ne a garin da ya taɓa ganin dokar hana fita.

Wata uwar kuma damuwarta ta addini ce: shin yi wa ƙasa alƙawari bai shiga hurumin bauta ba? Tambaya ce da ta cancanci amsa cikin natsuwa daga malamin da kika amince da iliminsa. Abin da ya kamata ki sani shi ne Abubakar Shekau ya sha ɗauko wannan alƙawari a bidiyoyinsa yana izgili da shi, yana kafa hujja da shi cewa makarantun boko kafirci suke koyarwa. Yaron da bai taɓa jin ma'anar kalmomin daga bakin uwarsa ko malaminsa ba, shi ne wanda wani zai iya fassara masa su yadda ya ga dama.

Dokar ƙasa ta taɓo ɓangarorin biyu. Sashe na 24 na kundin tsarin mulkin 1999 ya lissafa girmama tuta da taken ƙasa da alƙawarin ƙasa cikin wajiban ɗan ƙasa. Sashe na 38 kuma ya ba kowa 'yancin tunani da addini. Girmamawa aka ce. Babu inda aka ce a zane yaro.

Inda na tsaya

A bar yara su karanta, amma da sharaɗi biyu: su san abin da suke faɗa, kuma a ajiye bulala. Alƙawarin da aka karɓa da dorina a hannu, tsoro ne kawai aka koyar. Mun gwada hanyar tilas a 1984, zamanin yaƙi da rashin ɗa'a na Janar Buhari da Idiagbon, lokacin da aka ware wani zango na shirin don tuta da take da alƙawari, sojoji suna sa ma'aikatan da suka makara tsallen kwaɗo. An bi layi, an haddace, amma da aka ɗauke bulalar abubuwa da yawa suka koma gidan jiya. Kuma kusan duk wanda ake tuhuma da wawure dukiyar jama'a a yau, in dai ya yi firamare bayan 1976, ya sha alƙawarin zama mai gaskiya da bakinsa.

Abin takaici, a daidai lokacin da ake nanata wa yara alƙawari, sai aka cire darasin tarihi daga manhajar firamare da ƙaramar sakandare wajen 2009, aka shafe shekaru kafin a dawo da shi. Yaro yana alƙawarin kare haɗin kan ƙasar da ba a gaya masa yadda aka haɗa ta a 1914 ba, ba a gaya masa abin da ya kusa raba ta ba. Wannan giɓi ke za ki iya cike wani ɓangarensa a gida, ko da kina tsinke alayyafo ne.

Ki ɗauki kalmomin ɗaya bayan ɗaya, kada ki haɗa masa duka rana guda. Gaskiya ita ce mafi sauƙi: canjin aike da ya rage, satar amsa a jarrabawa, fensirin wani da ya shigo jakarsa. Yi wa ƙasa aiki kuma ya fara daga kujerar aji da ba za a karya ba, da famfon unguwa, da kwatar da ba za a zuba wa shara ba. Haɗin kai shi ne yadda yake kiran ɗan ajinsu wanda ba Bahaushe ba, da kuma, ki yi haƙuri, yadda yake jin kina kiran maƙwabciyarki in ba ta nan.

Biyayya ce take bukatar ki zauna sosai. Ki nuna masa cewa ƙasa daban, wanda yake kan kujera daban. Gwamna yakan sauka, shugaba yakan sauka, jam'iyya takan faɗi, ƙasar tana nan. Wanda ya ce asibitin garinsu ba magani, ko ya tambayi inda kuɗin gyaran makaranta suka shiga, bai karya alƙawari ba. In ya girma har ya tambaye ki abin da ita ƙasar ta yi masa alƙawari, kada ki ce ya rufe miki baki. Ki gaya masa kundin tsarin mulki da kansa, a sashe na 14, ya ce tsaron jama'a da walwalarsu su ne babban dalilin kafa gwamnati, don haka yana da haƙƙin tambaya.

In kuma kin ji ana dukan yara a asambili don sun yi tuntuɓe a kalma, ko ana tsangwamar wani yaro don iyayensa sun ce ya tsaya shiru, ki kai maganar taron iyaye da malamai. Ki roƙi hedimasta a ware ko da asambili ɗaya a kowane zangon karatu, malami ya fassara alƙawarin da harshen da yaran suke ji, a bar su su yi tambaya. Ba ya cin ko sisi, kuma malamin darasin zaman jama'a zai iya yinsa cikin minti goma.