Ƙaiƙayin Hunturu a Bakin Tafkin Kainji

Wanda bai san ƙasar Yauri ba zai ɗauka mazauna bakin ruwa ba ruwansu da bushewar fata. Ai su ne ma a sahun gaba. Kogin Kwara da tafkin da madatsar Kainji ta haifar a 1968 su ne gona, su ne hanya, su ne wurin wanki ga dubban gidaje tun daga Shanga zuwa Yelwa har Wara ta ƙasar Ngaski. Basarke yana jan taru tun asuba, matarsa tana kankare kifi tana jera shi a kan banda, mai lambun albasa yana ban ruwa. Hannu ya jiƙe ya bushe, ya sake jiƙewa, kuma kowane karo yana tafiya da ɗan maiƙon da ke tsare fata. Da hunturu ya kama, daga Nuwamba zuwa Fabrairu, sai iska ta ƙarasa aikin.

A nan ne ciwon da likitoci ke kira ekzima yake samun ƙofa. Ba ƙazanta ke kawo shi ba, ba a kuma ɗaukarsa daga wani. Fatar mai shi ce ba ta iya riƙe danshi, kamar kwale-kwalen da haɗin katakonsa ya buɗe: abin da ya kamata ya tsaya a waje, sabulu da ƙura da gumi, duk ya sami hanyar shiga, jiki ya harzuƙa, ƙaiƙayi ya tashi. A sosa, fata ta ƙara tsagewa, ƙaiƙayin ya ninka. Yakan bi jini, musamman a gidan da ake da asma ko yawan atishawa, kuma a wasu ƙasashe yana kama kusan yaro 1 cikin 5. Jariri ya fi nuna shi a kumatu, yaro a lanƙwasar gwiwar hannu da bayan gwiwa. A baƙar fata ba ja yake yi ba. Wurin kan yi duhu ko toka-toka, ya yi kauri da kaushi, wani lokaci da ƙananan ƙuraje masu kama da tsikar jiki.

Abin da ke damuna shi ne abin da ke faruwa a kyamis. Uwa ta shigo da goyo ta ce, "Malam, a ba ni na ƙaiƙayi mai ƙarfi," a miƙo mata kirim mai haɗi uku irin su Funbact-A ko Skineal. Na farkon yana ɗauke da betamethasone, na biyun da clobetasol, wanda yana cikin mafi ƙarfin magungunan shafawa na dangin siteroyid. Cikin kwana biyu ƙaiƙayi ya kwanta, uwa ta yi hamdala, har ta fara zuba shi cikin man shafawar jaririn kullum don ta ga yana haske. Bayan watanni fata ta yi siriri, nankarwa ta fito, jijiyoyi su bayyana, ranar da aka daina kuwa ciwon ya dawo da fushi. Fatar jariri tana tsotse maganin har cikin jini, balle a ƙarƙashin famfas. Siteroyid ba abokin gaba ba ne. Tun 1952 ake kwantar da wannan ciwo da hydrocortisone. Amma mai sauƙi, na kashi 1 cikin 100, a kan wurin da ya tashi kaɗai, na mako ɗaya ko biyu, bisa shawarar ma'aikacin lafiya.

Ginshiƙin magani kuwa yana kasuwar Yelwa a cikin ƙwarya: man kaɗe. Shi da basilin marar turare suna da amfani sosai ga wannan fata. Sirrin yana ga lokacin shafawa. A yi wanka da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ba mai zafin da muke so da sanyin safiya ba, minti 5 zuwa 10, ba soso, ba dirza. A danna tawul a hankali, sannan tun jiki na da laima a murza man kaɗen a tafi har ya narke, a shafe ko'ina, ba inda ke ƙaiƙayi kawai ba. Safe da dare, har a ranakun da fata ta yi lafiya lau. Mai aikin ruwa ya shafa a hannu kafin ya fita da bayan ya dawo. A yanke wa yaro farce, a sa masa rigar auduga a ƙarƙashin rigar sanyi, a ɗauraye omo sosai daga kaya. Sabulun salo yakan yi wa irin wannan fata kaifi, haka sabulun kashe ƙwayoyin cuta.

Man zaitun muna girmama shi, kuma a abinci ya cancanta. Sai dai binciken da aka wallafa a 2013 daga Jami'ar Sheffield ta Ingila ya nuna shafa shi kullum yana raunana fata. Toka, kanwa, lemon tsami, tafarnuwa, kananzir da man birki kuwa ƙuna kawai suke yi a kan rauni.

Ba kowane ƙaiƙayi ne wannan ciwon ba, musamman a bakin ruwa. Dabbare-dabbaren ƙirji da baya da ba su cika ƙaiƙayi ba kyasbi ne, maganinsa daban. Idan duk gida ana susa da dare, da ƙuraje a tsakanin yatsu, a yi zargin ƙazuwa, a yi wa kowa magani lokaci guda. Babban da ƙaiƙayi ya addaba shekara da shekaru, da kulluɓa a ƙarƙashin fata, a duba shi ko cutar makantar nan ce da baƙin ƙuda na bakin rafi ke yaɗawa, wadda ake raba Mectizan kyauta dominta. Idan kuwa wurin ya fara ruwa, ya yi ɓawo rawaya ko mugunya, ko ƙuraje masu zafi suka feso kusa da ido tare da zazzaɓi, a bar maganin gida, a kai yaron babban asibitin Yauri ko asibiti mafi kusa a ranar.