Ranar Da Kaka Ta Ƙwace Mini Waya

Yau ba ƙagaggen labari na kawo muku ba, abin da ya faru da ni ne ni kaina. Ni Kirista ce, na kuma san da yawa daga cikinku Musulmi ne, amma ina roƙon ku karanta har ƙarshe, don zuciyar budurwa ɗaya ce ko ina take.

Saura wata uku bikina, ranar wata Asabar da yamma, sai ga wata ƙawata ta shigo tana haki. Wai da idonta ta ga wanda zan aura ya goyo tsohuwar budurwarsa a babur a Samaru, suna tafe suna dariya. Kafin ta rufe baki jikina ya ɗauki rawa. Na jawo waya na shiga rubuta masa saƙo. Kun san mai rubuta littafi ba ta rasa kalma, to ranar duk baiwar da Allah ya ba ni a zagi na zuba ta. Har mahaifiyarsa ban ƙyale ba, matar da ba ta taɓa yi mini komai ba sai alheri.

Da na gama, sai na ce bari in karanta wa kakata tukuna, don ta ji irin wulaƙancin da aka yi wa jikarta. Na same ta a tsakar gida tana tace gasara. Na karanta mata tun daga farko har ƙarshe, ina kuka ina jan majina. Ba ta tanka ba. Sai ta goge hannu da gefen zani, ta miƙo shi.

“Kawo in gani, kishiyata.”

Na ba ta. Kaka da ko danna waya ba ta iya ba, sai ta jefa ta cikin tasa, ta kife faifai a kai, ta zauna kusa.

“Haba Kaka! Wannan wane irin abu ne?”

“Tafi gindin mangwaron can ki zauna. Ban ce ki yi addu'a da baki ba, ban ce ki yi waƙa ba. Ki zauna kawai a gaban Ubangiji, ki rufe bakin nan. In gasarar nan ta kwanta zan kira ki.”

Na tafi ina gunaguni. Gaskiya da fari ba abin da nake yi sai ƙara tsara zagi a raina. Can kuma sai na gaji. Na fara jin kukan tsuntsaye, na ji sanyin ƙasa a tafin ƙafata. Daga nan ne abin da na ɓoye wa kaina ya fara tasowa. Ashe ba kishi kaɗai ke cina ba, tsoro ne. Tsoron auren nake ji, na kuma yi wata da watanni ina guje wa tunaninsa. Litinin gwajin waƙa, Laraba nazarin Littafi Mai Tsarki, Asabar sharar coci, dare kuma rubutu da hira a waya har ƙarfe ɗaya. Kowa na yaba mini da ƙwazon ibada, alhali rabon da in zauna ni da Allah mu kaɗai har na manta.

Da duhu ya fara, Kaka ta kira ni, ta nuna mini robar gasarar. Kamun ya kwanta a ƙasa fari tas, ruwan ya taso sama. Ta ce, “Ɗazu da nake motsa shi, kina iya raba ruwan da kamun? To haka zuciya take. In kika tsiyaye tun tana motsi, har da abin kirkin za ki zubar.”

A daren nan ta sa na karanta mata labarin Annabi Iliya, a Littafin Sarakuna na Ɗaya, sura 19. Ga mutumin da ya yi gagarumar nasara a Dutsen Karmel, amma da sarauniya Yezebel ta aiko masa da barazanar kisa, sai ya gudu jeji, ya zube gindin wani itace, har yana roƙon mutuwa. Abin da ya ba ni mamaki, Allah bai fara da faɗa ba. Barci ya bar shi ya yi, mala'ika ya tashe shi ya ci abinci ya sha ruwa, har sau biyu. Sannan ya yi tafiyar kwana 40 zuwa Dutsen Horeb. A can aka yi iska mai farfasa duwatsu, aka yi girgizar ƙasa, aka yi wuta, amma duk ba a cikinsu Ubangiji ya zo masa ba. Sai da komai ya lafa ya ji shi, a hankali ƙwarai. Kaka ta ce, “Kin gani? Mai ihu ba ya jin raɗa.”

Tun daga ranar na soma lura da yadda wannan abu ya cika Littafi Mai Tsarki. A Markus sura 1, Yesu Almasihu ya yi ta warkar da marasa lafiya bayan faɗuwar rana, amma da asuba tun da sauran duhu ya fita wurin da ba kowa don addu'a, har almajirai suka bi sawunsa suna nema. A Luka sura 10 kuwa ga 'yan uwa biyu mata. Marta na ta kai da kawo da hidimar baƙi, Maryamu ta zauna tana sauraro. Da Marta ta kai ƙara, Yesu bai raina girkinta ba, sai dai ya nuna mata damuwa ta yi mata yawa, kuma abin da 'yar uwarta ta zaɓa ba za a ƙwace mata ba. Ni kam da na karanta, na ce wannan Martar ai ni ce.

Kiristocin farko ma sun riƙe wannan hanya. A nan nahiyarmu, a ƙasar Masar, akwai Antoniyus wanda ya rasu a shekarar 356. Ya rabar da dukiyar gadonsa, ya koma hamada yana addu'a da aikin hannu, kuma duk da nisan wurin mutane suka riƙa bin sa neman shawara. Ba ina cewa mu tattara mu koma daji ba. Mu nan Wusasa muna da tsohon cocinmu na ƙasa da aka gina a 1929. In ka shiga da rana tsaka, lokacin da ba sujada, kaurin bangon nan yana tare zafi da hayaniya, ka ji wurin tsit. Na girma ina shiga ina fita, amma ban taɓa zama a ciki ni kaɗai ba sai bayan wannan abu.

Na san kuna ƙagare ku ji yadda aka ƙare. Wayata ta kwana a tasa. Da safe na sake karanta saƙon, kunya ta kama ni, na goge. Bayan sujada na nemi mu zauna da shi a gaban yayata. Bai musa ba, ya ɗauko ta ɗin, ya kuma ɓoye mini, kuma wannan laifi ne, na gaya masa ido da ido. Ni ma na faɗi tsorona. An ɗaga bikin da wata huɗu, aka yi ta surutu a unguwa, na sha kuka ba kaɗan ba. Yau dai ina ɗakina, kuma matar nan da na so in zaga ita ce ta yi jinyata da na kwanta zazzaɓi. Duk sanda ta miƙo mini kunu sai in tuna tasar Kaka. Magana zarar bunu ce, da na tura saƙon nan, ko da an shirya daga baya, da wane ido zan dube ta?

Sai dai ku fahimce ni da kyau. Shirun da nake nufi ba gaba ba ne, irin wadda za ki ɗaure fuska kwana uku don a ji haushi. Ba kuma haɗiye zalunci ba ne. In ana dukanki, ko wani na neman lalata ki a makaranta ko a gida, kada ki yi shiru, ki gaya wa babban da kika yarda da shi tun yau. Shiru a gaban Allah ake yi, don in an tashi magana da mutane a faɗi gaskiya ba tare da dafi ba.

Ga yadda nake yi yanzu, ko wata za ta gwada. Da asuba kafin in taɓa waya ko tsintsiya, nakan zauna minti goma. In karanta aya ɗaya tak, in rufe littafin, in yi shiru. Tunanin cefane da na bashi za su zo, ba na faɗa da su, nakan miƙa su ga Ubangiji in dawo kan ayar. Wata rana ba na jin komai, kuma ba laifi, zaman shi ne ibadar. Sannan na ɗaukar wa kaina doka: saƙon da na rubuta cikin fushi sai ya kwana. Ke 'yar makarantar kwana, ko bayan aji ne ko gindin darbejiya, ba za ki rasa inda za ki raɓe ba. 'Yan uwana Musulmi kuwa ba sai na koya muku darajar natsuwa ba, kun san ta a sallah.

Kaka tana nan da ranta, ido ya yi rauni amma bakin na nan. Ran nan na kai mata ziyara, wayata ta yi ƙara a jaka, sai ta laluba gefenta tana murmushi, ta ce, “Kishiyata, in ɗauko tasar ne?”

Allah ya ba mu zuciya mai natsuwa. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba, taku har kullum.