Ganuwoyi da Kufai a Ƙasar Gwandu: Matsalar Kiyaye Wuraren da Ba a Tantance Ba

Manufar wannan takarda ita ce jawo hankalin manazarta ga wani giɓi a tsarin kiyaye wuraren tarihi, watau makomar kufan da ba a tabbatar da asalinsu ba.

Za a iya kasa waɗannan wurare gida biyu. Kashi na farko su ne waɗanda tarihi ya san su. Alal misali Surame, birnin da Muhammadu Kanta ya kafa a ƙarni na 16, mai ganuwar duwatsu, wanda yanzu yake cikin Jihar Sakkwato. An sanya shi cikin wuraren tarihi na ƙasa a 1964, kuma ya shiga jerin share fage na UNESCO a 2007. Haka nan Gwandu, inda Shehu Usmanu ya zauna daga 1805, rubuce-rubucen masu jihadi sun adana labarinta.

Kashi na biyu su ne kewayayyun tuddai marasa suna, irin waɗanda manomi kan ci karo da su a karkarar Gwandu da Kalgo. Irin wannan tudu yana iya zama ragowar ganuwa, ko sansanin yaƙi, ko kuwa tsohon shingen dabbobi. Alamun da kan taimaka wajen rarrabewa sun haɗa da gwalalo a bayan tudun, da fasassun tukwane, da ramukan marina, da tsofaffin kukoki. Sai dai haƙa ce kaɗai ke yanke hukunci.

Doka ta 77 ta 1979, wadda ta kafa Hukumar Gidajen Tarihi ta Ƙasa, ta fi ƙarfi a kan wurin da aka ayyana. Wanda ba a ayyana ba kuwa, garma da masu ɗibar ƙasar gini da zaizaya suna cin sa a hankali.

A ƙasar Ailan akwai kewayayyun gidajen manoma fiye da 40,000, galibinsu na ƙarni na 7 zuwa na 9. Dokarsu ta 1994 ta wajabta ba da sanarwar wata biyu kafin a taɓa duk wurin da ke cikin rajista, har da wanda ba a tantance ba.

Saboda haka muna ba da shawarar a fara da rajista: sassan tarihi na kwalejoji su haɗa kai da hakimai da dagatai, a auna kowane kufai, a rubuta abin da dattawa suka sani game da shi. Tudun da aka baje ba ya sake ba da shaida.